Yadda ake gano dutsen samaniya a babbar ɗamara har a raɗa masa suna

Tsakanin duniyar Mas da ta Jufita, waɗanda malaman hisabi ke kira Mirrihu da Mushtari, akwai wani faffaɗan fili da duwatsu ke zagaya rana a cikinsa. Shi ake kira babbar ɗamara, duwatsun kuma astaroyid. Nisan yawancinsu daga rana ya kama daga ninki 2.1 zuwa 3.3 na nisan duniyarmu daga rana, wanda shi kansa kimanin kilomita miliyan 150 ne. Babbansu shi ne Ceres, mai faɗin kilomita 940. Waɗanda ake ganowa yanzu galibi ba su wuce kilomita ɗaya ko biyu ba.

An san fiye da miliyan ɗaya daga cikin irin waɗannan duwatsu, mafi rinjayensu a wannan ɗamara. Sama da 700,000 sun sami lambar dindindin, amma masu suna wajen 25,000 ne kawai. Dalilin wannan tazara shi ne ganin dutse a hoto ba ya sa a ce an gano shi. Sai an bi shi dare bayan dare, shekara bayan shekara, har an san falakinsa, wato hanyar da yake bi yana zagaya rana, sanin da ba zai bari ya sake ɓacewa ba. A nan ne ake samun damar suna.

Da hoton wa za ka yi aiki?

Tun a 1891, lokacin da Max Wolf na Haidelbag a Jamus ya gano 323 Brucia a jikin hoto, aikin ya fara barin hannun masu leƙe da ido. Yau manyan cibiyoyi ne ke share sama kowane dare: Pan-STARRS a kan tsaunin Haleakala a Hawai, mai madubi mita 1.8, da Catalina a Arizona, sai kuma cibiyar Vera Rubin a ƙasar Cile, mai madubi mita 8.4, wadda ta fito da sababbin duwatsu sama da dubu biyu a hotunanta na gwaji a 2025. Duk dutsen da ke da ɗan haske sun riga sun kwashe shi. Gara mutum ya san haka kafin ya kashe kuɗinsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce aiki da hotunan waɗannan cibiyoyi. Shirin IASC, wanda aka kafa a 2006 a jami'ar Hardin-Simmons da ke Tekzas, yana raba hotunan Pan-STARRS kyauta ga rukunonin ɗalibai da malamai, a zango-zango na kimanin wata ɗaya. A Afirka ana shiga ta hannun ƙungiyoyi irin su PACS e-Lab da ke Najeriya. Abin da ake buƙata kwamfuta ce mai Windows, da intanet, da manhajar Astrometrica. A wannan hanya sunan Pan-STARRS ne ke shiga kundi a matsayin mai ganowa, shawarar suna kuma ta hannun shirin take bi.

Hanya ta biyu ita ce haya: kana zaune a gida kana sarrafa na'urar hangen nesa da ke wata ƙasa, kana biya da awa, kamar yadda ake yi a iTelescope. Ta uku ita ce kafa taka. Ba mafarki ba ne a nahiyarmu, domin a Ukaimeden, kan tsaunukan Atlas na Maroko, na'ura mai madubi santimita 50 ta gano duwatsu masu yawa.

Kayan aiki da lambar cibiya

Ana auna hasken abin da ke sama da mataki, kuma duk yadda lambar ta ƙaru, hasken raguwa yake yi. Ido ba ya wuce mataki na 6. Kowane mataki biyar ninki 100 ne na dushewa. Sababbin duwatsun babbar ɗamara suna mataki na 21 ko ƙasa da haka a haske, wato sun fi tauraron da ido ke iya gani da ƙyar dushewa sau miliyan ɗaya. Don haka madubin da bai kai santimita 40 ba zai yi amfani wajen bin sanannun duwatsu, amma da wuya ya kamo sabo.

Ana haɗa na'urar da kyamarar CMOS ko CCD mai sanyaya kanta, a kan gindi mai inji da ke juyawa daidai da juyawar sama. Ana auna tazara a sama da sakan-kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri. So ake kowane fiksel, wato ƙaramin ɗigon da kyamara ke gina hoto da shi, ya ɗauki sakan-kusurwa ɗaya zuwa biyu. Lissafin shi ne: girman fiksel a maikuron (kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita), sau 206.265, a raba da tsawon tattara hasken na'urar a milimita. Fiksel mai maikuron 3.76 a kan na'ura mai milimita 2,000 zai ba da 0.39. Wannan ya yi ƙanƙanta, yana watsa hasken ɗigo ɗaya a kan fiksel da yawa. Idan aka haɗe su uku-uku sai a sami 1.16, wanda ya dace.

Duk awon da aka yi a duniya wuri ɗaya yake zuwa: cibiyar MPC mai ajiye kundin waɗannan duwatsu, wadda aka kafa a 1947, take kuma Kambirij ta jihar Masacusets a Amurka tun 1978, ƙarƙashin ƙungiyar masana falaki ta duniya, IAU. Kafin ta karɓi naka sai ta ba wurinka lambar shaida mai gurbi uku, irin F51 ta Pan-STARRS 1 ko J43 ta Ukaimeden. Za ka aika mata da daidai inda na'urarka take, da tsayinsa daga teku, daga GPS, tare da awon wasu sanannun duwatsu da ka yi a darare daban-daban. Ita ta san inda ya kamata su kasance, saboda haka jarrabawa ce. Kuskurenka ya tsaya ƙasa da sakan-kusurwa ɗaya. Mai haya yana amfani da lambar cibiyar da ya yi hayar na'urarta.

Ina za a duba, kuma yaushe

Dutse ya fi haske lokacin muƙabala, wato sa'ad da duniya ta shiga tsakaninsa da rana. A lokacin yana fitowa da faɗuwar rana, ya kai tsakiyar sama da tsakar dare. Don haka ka auna sashen sama da ke daura da rana, kusa da layin da rana da wata ke bi. A ƙasar Hausa wannan layi yana wucewa can sama kusa da tsakar ka, inda iska ta fi sirantaka, kuma wannan babbar riba ce.

Farin wata yana kashe aikin. Daga wajen 22 ga watan Musulunci zuwa 7 ga mai kamawa ne ake samun duhun da ake so. A watan Yuni da Disamba wurin muƙabala yana faɗawa cikin farin layin nan mai cunkoson taurari da ke ratsa sama, inda ɗigon dutse ke hawa kan taurari ya ɓata awo. A wajenmu damina tana kawo gizagizai, hunturu kuma hazo, wanda ke cinye haske ko da ido na ganin sama a buɗe. Makonnin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, su ne zaɓaɓɓu.

Ɗaukar hoto

Kusa da muƙabala, dutsen babbar ɗamara yana tafiya yamma a tsakanin taurari da saurin sakan-kusurwa 30 zuwa 40 a awa. Daga nan ake fitar da komai. Iska tana baje kowane tauraro ya zama ɗigo mai faɗin sakan-kusurwa biyu zuwa uku, saboda haka idan ka bar kyamara a buɗe fiye da minti huɗu, dutsen zai ja layi, haskensa ya bazu, tsakiyarsa ta yi wuyar ganewa. Abin da ya fi shi ne hotuna gajeru, na sakan 60 zuwa 120, masu yawa, a jera su a kan juna bisa saurin da ake zaton dutsen na yi. Taurari sai su zama layuka, dutsen ya tattaru ya fito. Astrometrica na yin wannan. Tycho Tracker kuma tana gwada dubban saurin tafiya da kanta, amma tana son kwamfuta mai ƙarfin katin hoto.

Ka ɗauki fili ɗaya sau uku ko huɗu, da tazarar minti 20 zuwa 30. Tsakanin hoto da hoto ka ɗan gusar da na'urar da 'yan fiksel. Ka ɗauki hotunan gyara: na duhu, da murfi a rufe, a sanyi da tsawon lokaci iri ɗaya da na aikin, da na farin fili, wanda ke cire inuwar ƙura da dushewar gefe. Ka adana komai a tsarin FITS. JPEG yana zubar da bayanan da awo ke buƙata.

Sai agogo. Lokacin da ake rubutawa shi ne na UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, kuma na tsakiyar ɗaukar hoton. Najeriya, Nijar, Kamaru da Cadi suna gaban UTC da awa ɗaya, Gana kuwa daidai take da shi. Idan manhajar kyamara ta rubuta lokacin gida, awonka ya goce da sakan-kusurwa talatin da wani abu, alhali kuskuren da ake haƙuri da shi bai kai ɗaya ba. Ka daidaita agogon kwamfuta da intanet ko GPS kafin ka buɗe kyamara, sannan ka duba abin da aka rubuta a kan fayil ɗin farko.

Awo, da tace na ƙarya

Manhaja za ta daidaita taurarin hotonka da kundin taurari. Yau na Gaia, kumbon Turai da ya auna wuraren taurari, ake so, domin tsofaffin kundaye suna da karkata da ke shiga cikin awo. Idan daidaitawar ta ƙi, yawanci tsawon tattara haske ne aka shigar ba daidai ba, ko hoton a juye yake. Bayan nan sai ƙyaftawa: manhaja na nuna hotunan ɗaya bayan ɗaya da sauri, taurari na tsaye, abin da ke motsi yana tsalle.

Mafi yawan abin da ke tsalle ba dutse ba ne, kuma a nan sababbin hannu suka fi zubewa. Lalataccen fiksel yana zama a gurbi ɗaya na kyamara, shi ya sa ake gusar da na'ura: tsallensa zai bi gusawar da ka yi. Burbushin haskoki daga sararin samaniya yana bugun hoto ɗaya tak, da kaifi, ba shi da laushin gefen tauraro. Kusa da tauraro mai haske akan ga fatalwar haskensa. Dutsen gaske yana bayyana a duk hotunan, a kan miƙaƙƙen layi, da sauri iri ɗaya, siffarsa irin ta ƙaramin tauraro, haskensa ba ya hawa ko sauka da fiye da mataki ɗaya, kuma ya fi hayaniyar hoton, wato dabbare-dabbaren da ke bayan taurari, ƙarfi aƙalla sau biyar. Wanda ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan, a bar shi. Tura awon ƙarya yana ɓata rumbun da duniya ke dogara da shi, yana kuma rage amincin lambar cibiyarka.

Wanda ya tsallake, ka shigar da wurinsa da lokacinsa a MPChecker, shafin MPC da ke nuna sanannun duwatsun da ke wannan yanki. Kada ka dubi wuri kawai. Dutsen da ba a san falakinsa sosai ba zai iya kasancewa nesa kaɗan da inda aka yi hasashe, don haka idan akwai wani a kusa mai sauri da alkibla irin na naka, mai yiwuwa shi ne. Idan kuma saurin ya zarce na babbar ɗamara nesa ba kusa ba, wataƙila dutse ne mai ratsowa kusa da duniya. Wannan ba ya jira, a tura shi a daren.

Dare na biyu

Ka ba dutsen lambar kanka, ka aika da awo uku na daren a tsarin ADES, wanda ke maye gurbin tsohon tsari mai gurbi 80 a layi. Awon dare ɗaya da ba a iya haɗa shi da komai ba yana shiga wani rumbu na marayun awo, ya zauna can har ranar da lissafi ya haɗa shi da wani. Saboda haka dare na biyu shi ne ginshiƙin aikin. Ka koma gobe ko jibi, kada ka wuce mako. Dutsen yana tafiyar kusan rubu'in digiri a yini, rabin faɗin wata kenan, kuma manhajar Find_Orb za ta faɗa maka inda za ka nufa. Idan hadari ya rufe ka, ka nemi mai na'ura a wata ƙasa ya duba. Kada ka fara neman sabon dutse a daren da ka san kwana uku masu zuwa ba naka ba ne.

Idan MPC ta tabbatar bai dace da kowane sananne ba, sai ta ba shi lambar wucin gadi. Farko shekara. Sai harafi mai nuna rabin wata: A na 1 zuwa 15 ga Janairu, B na sauran Janairu, haka har Y na ƙarshen Disamba, ana tsallake I. Harafi na biyu yana nuna jeri a cikin wannan rabin watan, daga A zuwa Z ban da I, haruffa 25. In sun ƙare a sake daga A, a ƙara lamba a gefe. Ɗauki 1999 VD57, wanda shirin neman duwatsu na LINEAR ya gano ranar 4 ga Nuwamba 1999 a Sokoro ta jihar Niyu Meziko. V rabin farko ne na Nuwamba, D na huɗu, 57 sau 25 kuma 1,425. Shi ne na 1,429 da aka ba lamba a waɗannan kwanaki goma sha biyar.

Riƙe shi kada ya ɓace

Lambobi shida ke bayyana falaki: girmansa, yadda ya miƙe daga da'ira, karkatarsa, kusurwa biyu masu nuna inda ya fuskanta, da inda dutsen yake a wani lokaci sananne. Awon kwana biyu bai isa ya fitar da su ba. Akan yi amfani da dabarar Yrjö Väisälä na Finlan, wadda ke ɗauka cewa dutsen yana wurin da ya fi kusa da rana, kuma hasashenta na 'yan makonni ne kawai. Matsalar tsohuwa ce. Giuseppe Piazzi ya ga Ceres a Palermo ranar 1 ga Janairu 1801, ya bi shi kusan mako shida, sannan hasken rana ya haɗiye shi. Sai da Carl Friedrich Gauss, yana ɗan shekara 24, ya fito da sabuwar hanyar lissafi kafin Franz von Zach ya sake kama shi a Disamba.

Ka sake auna dutsenka bayan mako, sannan kowane mako biyu, har ya dushe. Wata biyu zuwa uku na bi yakan wadatar a same shi a muƙabala ta gaba, wadda ke zuwa bayan wata 15 zuwa 17. Makonni shida ko bakwai bayan muƙabala zai rage sauri har ya yi kamar ya tsaya kafin ya juya gabas. A lokacin ka tsawaita tazarar hotunanka, in ba haka ba ba za ka ga motsinsa ba. Da falaki ya fara kyau, sau da yawa akan gano cewa wata cibiya ta taɓa ɗaukarsa shekarun baya, sai a haɗa, tsawon awon ya ƙaru nan take.

MPC na auna rashin tabbas ɗin falaki da lambar U, daga 9 mafi muni zuwa 0. Dutsen babbar ɗamara yakan sami lambar dindindin idan an gan shi a muƙabala huɗu ko fiye, U kuma ta sauka zuwa 2 ko ƙasa. Idan babu tsofaffin hotuna, shekara huɗu ne mafi ƙaranci.

Abin da ke ba mutane takaici shi ne sai a wannan mataki ake yanke wanda ya gano. Tun Oktoba 2010 ƙa'idar ita ce: a duba muƙabalar da aka fara kawo rahoton dare na biyu a cikinta, wanda ya riga kowa aika awo a wannan muƙabala shi ne mai ganowa. Samun lambar wucin gadi bai ba ka tabbaci ba, domin wata cibiya na iya riga ka aikawa da kwana ɗaya. Maganinsa ka aika awonka da zarar ka tantance shi.

Raɗin suna

Kamar jariri, sai an tabbatar da zamansa ake taron suna. Daga ranar da aka ba da lambar dindindin, mai ganowa yana da shekara goma ya kawo shawara. Kwamitin raɗa suna na IAU, mai suna WGSBN, ne ke jefa ƙuri'a a kai. Wasu rukunonin duwatsu an ɗaure su da sunayen tatsuniyoyi, amma na babbar ɗamara sun fi kowa sakewa: mutum, gari, kogi, tsauni, makaranta, duk ana sa wa.

Sunan kada ya wuce gurbi 16, har da tazara da alamomi. An fi son kalma ɗaya. Ya kasance da haruffan boko, ana iya furta shi a wani harshe, babu cin zarafi a ciki, kuma bai yi kama da sunan wani dutse ko na watan wata duniya da ake da shi ba. Wannan na ƙarshen ne ya fi yawan kayar da shawara, don haka ka binciki jerin sunayen MPC da kowane irin rubutu da sunan zai iya ɗauka. Ba a karɓar sunan talla, ba a son sunan dabbar gida, mai ganowa kuma ba ya sa sunan kansa. Wanda aka sani da siyasa ko yaƙi sai ya shekara 100 da rasuwa, saboda haka shugabannin Jamhuriya ta Farko ta Najeriya da suka rasu a 1966 sai 2066. An taɓa amincewa da sunaye masu haruffa na musamman daga harsunan kudancin Afirka, don haka idan sunanka na da ƙ, ɗ ko ɓ, ka rubuta shi daidai, duk da cewa wasu rumbunan bayanai za su nuna shi ba lanƙwasa.

Tare da sunan ana aika gajeren bayanin dalili da Turanci, wanda bai wuce gurbi 360 ba. Idan mutum ne, a sa cikakken sunansa, shekarar haihuwa, da aikin da ya sa ya cancanta, a bar kirari. Haka aka yi wa masanin falaki na Sanagal, Maram Kaire, wanda dutse mai lamba 35462 ya ɗauki sunansa a 2021. Kada a sanar da kowa, har mai sunan, kafin a buga, domin kwamiti na iya ƙi ko ya nemi gyara. Kuma duk wanda ya ce zai sayar maka da sunan dutse ko tauraro ya ba ka takardar shaida, takardar kawai ka saya. IAU ba ta sayar da suna.

Idan shekara goman ta wuce, wasu na iya kawo shawara. Dutsen nan 1999 VD57 ya sami lamba 152830 a 2007, ya zauna ba suna har aka zaɓe shi a matsayin wanda kumbon Lucy na NASA zai fara ziyarta. Masu kumbon suka ba da shawarar Dinkinesh, sunan da Habashawa ke kiran ƙasusuwan Lucy, wata tsohuwar halitta mai kama da mutum, da aka tono a Hadar ta Habasha a 1974, aka amince a Fabrairu 2023, kumbon ya wuce ta gefensa ranar 1 ga Nuwamba na shekarar. Suna yana zama na hukuma ne ranar da ya fito a mujallar WGSBN, wadda ake bugawa a intanet tun 2021. Daga nan yake shiga kundin MPC da na JPL, wata cibiyar NASA, a rubuta shi bayan lambar dindindin, lambar wucin gadin kuma ta ci gaba da zama a kundin don masu neman tsofaffin awo.